Sunan Jami'a ko Himmar Ɗalibi: Wanne Ya Fi Nauyi Idan Za Ka Fita Karatu Waje?

Takardun gurbin karatu biyu ne a hannunka. Ɗaya daga jami'ar da idan ka ambaci sunanta kowa sai ya gyaɗa kai, amma kuɗinta na shekara guda ya isa ya girgiza gida. Ɗayar daga jami'ar da sai ka maimaita sunanta, ka haɗa da sunan ƙasar, kafin a gane inda kake nufi, kuɗinta kuwa mai ɗaukuwa ne. Masu ba ka shawara sun rabu biyu. Wasu na cewa a ci bashi a je mai suna, ai suna ke buɗe ƙofa. Wasu na cewa karatu a kan mutum yake, mai ƙwazo ko'ina aka jefa shi zai fito.

Kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya. Abin da na gamsu da shi shi ne akwai wani mataki na inganci da idan makaranta ta gaza kai shi, duk ƙwazonka ba zai cike giɓin ba. Daga wannan matakin zuwa sama, himma ce ke raba ɗalibai, in ban da fannoni kaɗan da suna ke mulki. Himmar kuma tana cin lokaci da kwanciyar hankali, waɗanda su ne abin da bashi ke fara ƙwacewa.

Ma'aunan da za mu auna da su

Na farko kuɗi, kuma jimillarsa nake nufi: kuɗin makaranta, haya, inshorar lafiya, biza, jirgi, da abin da hukumar shige da fice za ta ce ka nuna a asusu. Na biyu ɗorewa, wato shekara nawa amfanin takardar zai bi ka, kuma ko zai tsallaka iyaka tare da kai. Na uku sauƙi: na samun gurbi, na harshe, na zama. Na huɗu haɗari, abin da zai faru idan doka ta sauya ko kuɗi ya yanke a tsakiyar hanya. Na biyar shi ne wanda ba a cika sa shi a lissafi ba, alhali a wurina ya fi sauran: sararin himma. Bayan lakca da aikin neman na haya, awa nawa za ta rage maka a mako don yin abin da babu wanda ya sa ka?

Abin da masu bincike suka gano

A 2002 wasu masana tattalin arziki biyu a Amurka, Stacy Dale da Alan Krueger, suka wallafa wani nazari da har yau ake komawa gare shi. Dabararsu mai kyau ce. Maimakon su gwada ɗan babbar jami'a da ɗan ƙaramar jami'a kai tsaye, sai suka nemo ɗaliban da makarantu masu daraja ɗaya suka ba gurbi, wasu suka tafi mai tsananin tace ɗalibai, wasu suka zaɓi wadda ba ta kai ta ba. Bayan shekaru, albashinsu ya zo kusan ɗaya. Wato abin da ya sa babbar jami'a ta so ɗaukar yaron tun farko, shi ne ya ci gaba da yi masa aiki a inda ya je. Sai dai akwai togaciya. 'Ya'yan masu ƙaramin ƙarfi sun fi cin ribar babbar jami'a, kuma da suka sake nazarin bayan kusan shekara goma, suka ga haka ga baƙaƙen fata da waɗanda iyayensu ba su yi zurfin karatu ba.

Wannan togaciyar ta shafe ka kai tsaye. Ɗan ƙasa da ya tafi jami'a tsaka-tsaki yana da kawu a wani kamfani, yana da abokin babansa da zai ɗaga masa waya. Kai da za ka sauka da akwati biyu ba ka da kowa. Don haka suna ya fi yi wa baƙo amfani fiye da ɗan gida, kuma duk wanda ya ce maka suna ba komai ba ne bai faɗa maka gaskiya duka ba.

A 2023 Raj Chetty da David Deming da John Friedman suka duba jami'o'i 12 mafiya tsananin shiga a Amurka, wato takwas ɗin da ake kira Ivy League (rukunin tsofaffin fitattun jami'o'i irin su Harvard da Yale) da Stanford, MIT, Duke da Chicago. Sun ga shiga ɗayansu, idan aka gwada da babbar jami'ar gwamnatin jiha, bai cika sauya matsakaicin albashi ba, amma ya kusa ninka damar shiga fitacciyar makarantar gaba da digiri sau biyu, ya kusa ninka damar aiki a kamfanonin da ake rububi sau uku. A can ƙololuwa suna ke nuna ƙarfinsa.

Na uku shi ne binciken kamfanin jin ra'ayin jama'a na Gallup da jami'ar Purdue a Amurka na 2014, wanda ya tambayi kimanin mutum 30,000 da suka kammala digiri. Irin makarantar da mutum ya yi ba ta nuna tasiri sosai kan jin daɗinsa a aiki da rayuwa ba. Abubuwan da suka nuna tasiri shida ne: malamin da ya damu da kai, malamin da ya sa ka son karatu, wanda ya riƙe ka yana ƙarfafa maka gwiwa, aikin bincike mai ɗaukar zango guda ko fiye, koyon aiki a inda ake amfani da abin da ka karanta, da shiga harkokin ɗalibai sosai. Kashi 3 cikin 100 ne kacal suka samu duka shidan. Dubi jerin da kyau: yawancinsu ba a raba su a wurin rajista, sai wanda ya je ya nema.

Game da jadawalin martabar jami'o'i da ake yawo da shi kuwa, ka san abin da yake aunawa. Na Shanghai, wanda aka fara a 2003, yana ƙirga lambobin Nobel da Fields (babbar lambar yabo ta lissafi) da yawan maƙalu a mujallun Nature da Science. Na kamfanin QS na Birtaniya ya dogara ƙwarai da ra'ayin malaman jami'o'i kan wace ce ta yi suna. Babu wanda ke gaya maka ko malamin da zai koyar da kai ranar Litinin zai san sunanka.

Zaɓi na farko: babbar jami'a mai suna

Idan da kuɗinka za ka je, ka zauna da alƙalami. Manyan jami'o'i masu zaman kansu a Amurka jimillar shekara guda ta haura dala 80,000. A Landan, kwasa-kwasan digiri na biyu da yawa a fitattun jami'o'i sun wuce fam 30,000 ga baƙo, ba a sa haya ba.

Ta fuskar ɗorewa babu mai ja da ita. Sunan yana binka har tsufa, ko da yake ƙarfinsa ya fi yawa a aikin farko da na biyu. Bayan nan tambayar da ake yi ita ce me ka yi a inda ka baro. Yana kuma tsallaka iyaka, har ma ya shiga dokokin biza. A 2022 Birtaniya ta buɗe wata biza ta musamman ga waɗanda suka gama jami'o'in wasu ƙasashe da ke sahun gaba a jadawalan duniya, aka fara da hamsin na farko, ba tare da sai sun samu aiki tukuna ba. Holan ma tana ba da shekara guda ta neman aiki ga wanda ya yi digiri na biyu ko na uku a jami'ar da ke cikin 200 na farko. Nan jadawali ya zama tikiti, kuma himma ba ta maye gurbinsa.

Shiga da wuya. Harvard da Stanford ba sa ɗaukar ko biyar cikin kowane ɗari na masu neman digirin farko. Amma ka lura da wani abu: a jami'a guda mai suna, akwai kwas ɗin da ake tacewa kamar da rariya, akwai kuma wanda aka buɗe don kuɗin baƙi, aji cike da mutum ɗari da ɗoriya, farfesan da aka sa hotonsa a talla sau biyu za ka gan shi a zango. Tambarin da ke kan takardar iri ɗaya ne, amma masu ɗaukar aiki a fannin sun san bambancin.

Haɗarin yana cikin bashi da sauyin doka. Mutane da yawa sun yi lissafin cewa za su yi aiki bayan karatu su biya. To Birtaniya ta hana yawancin masu digiri na biyu zuwa da iyali tun Janairun 2024, ta kuma yanke cewa zaman shekara biyu na bayan karatu zai koma wata 18 daga 2027. Kanada ta ƙayyade yawan bizar ɗalibai a 2024. Doka kan juya cikin wata guda, bashi kuwa yana nan daram, kuma idan kuɗin ƙasarku ya faɗi, nauyinsa ya ƙaru ba tare da ka ƙara cin ko sisi ba.

Sararin himma a nan shi ne abin da ya fi damuna. Kayan aiki suna nan jibge: ɗakunan gwaje-gwaje, laburare, manyan baƙi masu zuwa lakca, kamfanoni da ke kafa tebura a harabar makaranta. Amma digiri na biyu a Ingila shekara ɗaya ne. Ka sauka a Satumba, kafin ka gane wace mota ke kai ka makaranta, manyan kamfanoni sun fara rufe karɓar takardun masu neman aikin baɗi. Na ga ɗalibin da ke tashi daga aikin dare a ɗakin ajiyar kaya da asuba, ya shigo lakcar ƙarfe tara da rigar aikin a cikin jaka, ya zauna can baya yana murza ido. Ranar da aka yi taron kamfanoni a makarantar yana barci, kuma ba lalaci ba ne, awa 20 ɗin da doka ta ba shi na aiki a mako duk ya cika su don kuɗin zango na gaba. Ya biya kuɗin shiga kasuwa, bai samu sukunin cin kasuwar ba.

Idan kuwa da cikakken tallafi ne, magana ta sauya gaba ɗaya. Harvard, Yale, Princeton da MIT suna duba takardar mai neman digirin farko ba tare da la'akari da aljihunsa ba, ko baƙo ne, sannan su cike abin da iyalinsa ba za su iya ba. Chevening, tallafin karatu na gwamnatin Birtaniya, na ɗaukar nauyin digiri na biyu a Birtaniya, da sharaɗin ka yi aiki na shekara biyu kafin nema, kuma ka koma gida na shekara biyu bayan gamawa. Akwai tallafin Erasmus Mundus na Tarayyar Turai, akwai na hukumar DAAD a Jamus. Digirin digirgir a fannonin kimiyya a Amurka galibi yana zuwa da yafe kuɗin makaranta da alawus. Wanda ya samu irin wannan, ban ga abin da zai tsaya yana aunawa ba.

Zaɓi na biyu: jami'a tsaka-tsaki, mai inganci, mai araha

Nan nake nufin jami'o'in gwamnati da hukumomin ƙasarsu suka tantance, masu malamai masu bincike da kayan aiki, waɗanda sunansu bai yi amo a duniya ba. Jamus ce misalin da ya fi fitowa fili. Yawancin jihohinta ba sa karɓar kuɗin makaranta a jami'o'in gwamnati, sai 'yan ɗaruruwan yuro na hidimomi kowane zango. Jihar Baden-Württemberg ce ke karɓar yuro 1,500 a zango daga waɗanda ba 'yan Tarayyar Turai ba tun 2017, jami'ar fasaha ta Munich ma ta fara caji a 2024. Sai dai kafin biza dole ka nuna kuɗin zaman shekara, galibi a asusun da ake kullewa, wanda aka sa shi yuro 11,904 a 2024. Faransa ta sa wa baƙi yuro 2,770 a shekara na digirin farko da 3,770 na digiri na biyu a 2019, ana ɗan ƙarawa a hankali, jami'o'i da dama kuma sun riƙa yafe wani ɓangare. Ka tabbatar da adadin bana kafin ka yi lissafi, domin arahar ma ba ta dawwama: Sweden ta fara caji a 2011, Finland a 2017, Norway a 2023.

Ɗorewar takardar ta dogara da abin da ka ɗora a kanta. Sunan ba zai yi magana a madadinka ba, amma kuma ba zai sa a jefar da takardarka ba. Satya Nadella, shugaban Microsoft tun 2014, digirinsa na biyu a kimiyyar kwamfuta a jami'ar Wisconsin reshen Milwaukee ya yi shi. Katalin Karikó, wadda ta ci lambar Nobel a 2023 kan binciken da ya share fagen allurar rigakafin korona, a jami'ar Szeged ta Hungary ta yi karatunta har digirin digirgir. Ban kawo su don in ce kowa zai zama su ba. Sundar Pichai na Google ta Stanford da fitacciyar makarantar kasuwanci ta Wharton ya bi, Nadella kansa daga baya ya ƙara da digirin kasuwanci a Chicago. Abin da suke nunawa kawai shi ne hanyar ba a toshe take ba.

Shiga ya fi sauƙi, zama ya fi wuya. Kwas na iya zama da Turanci, amma mai gidan haya, likita, ofishin baƙi da kamfanin da zai ɗauke ka koyon aiki duk da harshen ƙasar za su yi maka magana. Kuma babu mai bin ka. Ka zo aji ko kada ka zo, ba wanda zai tambaya. A jami'o'in Jamus da yawa, faɗuwa jarrabawa guda sau uku na nufin an sallame ka daga kwas ɗin. Wannan shi ne babban haɗarin wannan zaɓi, tare da kaɗaici a ƙaramin gari lokacin hunturu, da wahalar samun ɗaki.

Amma sararin himma a nan ya fi faɗi, don shekara biyu gare ka, kuma ba ka ɗauke da bashin da ke hana barci. Jamus ta ba ɗalibi baƙo kwana 140 cikakku na aiki a shekara tun 2024, da wata 18 na neman aiki bayan gamawa. Kamfanoni na ɗaukar ɗalibai aiki a fanninsu tun suna karatu, wasu ma a cikin kamfanin suke rubuta kundin kammalawa.

Ga yadda himma take idan an matso kusa da ita. A ƙofar ofishin kowane malami akwai 'yar takarda da ke nuna ranar da yake ganin ɗalibai, a ce Laraba daga biyu zuwa huɗu. Kujerar da ke bakin ƙofar yawancin makonni babu kowa a kanta. Wata ɗaliba da na sani ta karanta maƙalar malaminta, ta ja layi a ƙarƙashin sakin layin da ba ta gane ba, ta je ta ƙwanƙwasa. Ta sake komawa bayan mako biyu da wata tambayar. A zango na biyu ya ba ta aikin gyara alƙaluman bincikensa, aiki mai gundura, ta yi shi tsaf. Da ta tashi neman digirin digirgir, wasiƙar da ya rubuta mata ta mutumin da ya san aikinta ce, kuma da hannunsa ya aika wa abokin aikinsa a wata ƙasa saƙo. Zomo ba ya kamuwa daga zaune, amma sai da ta samu makarantar da ke da irin wannan malami, da kuma Larabar da ba ta wurin aiki.

Zaɓi na uku: makarantar da ke karɓar kowa

Alamominta ba sa ɓuya. Gurbi na fitowa cikin kwana uku, ba a tambayi sakamakonka sosai ba, ejan na matsa maka ka biya kafin Juma'a. Ka sani makarantu da yawa suna biyan ejan la'ada kan kowane ɗalibi da ya kawo, don haka shawararsa ba ta rasa ruwa a ciki. Ba duk mai sauƙin shiga ce ta banza ba, amma a nan ne ake tafka asara mafi muni.

Kuɗinta sau da yawa ba ya ma da araha, takardarta kuwa tana iya mutuwa tun a filin jirgi. A 2012 hukumomin Birtaniya suka janye wa jami'ar London Metropolitan izinin ɗaukar ɗaliban waje, fiye da ɗalibai dubu biyu suka shiga zullumi kafin a maido mata da shi a 2013. A 2019 aka gano cewa jami'ar Farmington a jihar Michigan ta bogi ce, hukumar shige da fice ta Amurka ce ta kafa ta a matsayin tarko, aka kama ɗalibai da dama, yawancinsu 'yan Indiya. A Kanada ba kowace makaranta ce ke ba ka damar izinin aiki bayan karatu ba, kuma an ƙara tsuke wannan a 2024.

Himma ba ta ƙirƙiro ɗakin gwaje-gwajen da babu shi, ba ta kawo marasa lafiya asibitin koyarwar da ba kowa, ba ta sa hukumar lasisi ta amince da makarantar da ba ta cikin kundinta. Mai son likitanci ya duba sunan makarantar a kundin makarantun likitanci na duniya, sannan ya tambayi hukumar likitocin ƙasar da zai yi aiki. Mai son injiniyanci ya bincika ko an tantance kwas ɗin ƙarƙashin yarjejeniyar Washington ta 1989, wadda ƙasashen da ke cikinta ke amincewa da digirin injiniyancin juna, ko makamanciyarta.

| Ma'auni | Mai suna, da kuɗinka | Mai suna, da tallafi | Tsaka-tsaki mai araha | Mai karɓar kowa |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗi | Mai nauyi ƙwarai | Kaɗan ko babu | Galibi kuɗin zama ne | Ba ya da tabbas, sau da yawa da tsada |
| Ɗorewa | Doguwa, tana tsallaka iyaka | Doguwa | Gwargwadon abin da ka ɗora | Gajera, ko babu |
| Sauƙin shiga | Ya danganta da kwas | Mai wuya sosai | Matsakaici, harshe na iya tsaya maka | Cikin kwanaki |
| Babban haɗari | Bashi da sauyin dokar biza | Sharaɗin komawa ko riƙe maki | Sakaci, kaɗaici, faɗuwa jarrabawa | Takardar da ba a amince da ita ba |
| Sararin himma | Bashi na cinye shi | Mafi faɗi | Mai faɗi, amma ba mai tura ka | Akwai lokaci, babu abin yi da shi |

Gwaji biyu kafin ka biya

Ka gwada makarantar. Shiga LinkedIn ka nemo baƙi goma irinka da suka gama wannan kwas ɗin shekara uku da suka wuce, kwas ɗin nake cewa, ba jami'ar baki ɗaya ba. Ina suke yanzu? Rubuta wa uku daga cikinsu. Abin da za su faɗa maka ya fi kowane jadawali.

Sannan ka gwada kanka, tsakaninka da Allah. A shekarar da ta wuce, me ka koya ko ka gina wanda babu malami ko maigida da ya sa ka? Kowa na ganin kansa mai himma kafin ya hau jirgi. Idan amsar babu ce, ba abin kunya ba ne, amma ka nemi makarantar da ke da tsari mai riƙe ɗalibi: ƙananan azuzuwa, koyon aiki na dole, mai ba da shawara da aka ɗora maka.

Wa ya dace da wanne

Wanda ya samu cikakken tallafi a babbar jami'a ya tafi, ko da garin bai yi masa ba.

Mai burin bankunan zuba jari, manyan kamfanonin ba da shawara, lauyancin ƙasa da ƙasa ko kujerar koyarwa a fitacciyar jami'a, suna zai yi masa aikin da himma kaɗai ba ta cika yi ba. Idan gida zai iya biya ba tare da sayar da abin dogaro ba, ya biya. Idan ba zai iya ba, ya yi digirin farko ko na biyu a mai araha, ya fito da sakamako mai ƙarfi da wasiƙun malamai, ya nemi mai sunan da tallafi a mataki na gaba.

Mai kwamfuta, injiniyanci, ƙididdiga, noma ko zane, inda ake cewa nuna mana abin da ka yi, jami'a tsaka-tsaki a garin da ke da masana'antu ta ishe shi, muddin zai koyi harshen tun kafin ya tashi.

Mai digirin digirgir ya bi malami da kuɗin bincike. Shekara uku zuwa shida zai yi a ƙarƙashin mutum ɗaya, don haka ya tambayi ɗaliban da suka gama a hannunsa yadda yake riƙe mutane.

Mai likitanci, jinya, harhaɗa magunguna ko duk sana'ar da sai da lasisi, ya fara da hukumar lasisin ƙasar da zai zauna, ya zaɓi mafi araha cikin makarantun da ta amince da su masu asibitin koyarwa na gaske.

Wanda kuma zaɓi na uku ne kaɗai a gabansa bana, ya ajiye kuɗinsa. Ya yi shekara guda yana gyara sakamakon jarrabawar Turanci ko koyon Jamusanci ko Faransanci, ya tara shaidar aiki, ya rubuta ranakun rufe neman tallafi a kalanda, domin da yawansu tsakanin Oktoba da Janairu suke rufewa, sannan ya sake nema.